Abin da ke cikin famfas ɗin ɗanki, da ruwan rinin da ke bin kwatarmu

Uwargida, in famfas ya taɓa ɓuya miki a cikin kayan wanki har ya kwana a bokiti, to kin riga kin san abin da zan yi magana a kai. Za ki tarar ya kumbura ya yi suntum, in kika ɗaga shi ya fashe, wani abu mai santsi kamar dafaffen sitaci ya watsu ya liƙe a jikin kayan yara, ki yi ta ɗauraya kina tsaki. Wannan abin da ya ɓata miki rai sunansa haidirojel. Kafin ruwa ya taɓa shi gari ne fari kamar sukari. Yana iya shan ruwa mai tsabta ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, ya riƙe shi gam, ko an matsa ba ya saki. Shi ya sa yaro zai kwana da fitsari amma jikinsa a bushe.

Na koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata shekaru da dama, amma ban taɓa sa wa wannan garin ido da gaske ba sai da ruwan rini ya fara bi ta ƙofar gidanmu.

Maƙwabciyata rinin shadda take yi a cikin gida. Yaya nake ce mata, don ta girme ni nesa ba kusa ba. Tun rasuwar maigidanta da wannan sana'a take riƙe da yara biyar, da ita take biyan kuɗin makaranta, da ita ta aurar da babbar. In sallah ta matso, tun asuba za ki ji tana hura wuta, kafin hantsi igiyoyinta sun cika da shadda kala-kala, wani launin ma sai kin tsaya kin ƙara kallo. Daga nan sai a tuntsurar da baho. Ruwan ya fito ta rariya, ya bi kwata, yau shuɗi, gobe ja kamar zoɓo, jibi wani baƙi-baƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kwatar nan ta ƙofarmu take wucewa. A gefenta yarana suke wasan 'yar carafke, a cikinta ƙwallonsu take faɗawa, kuma rijiyarmu ba ta fi taku goma sha biyu daga inda ruwan yake taruwa in kwatar ta toshe ba.

Kin ga inda gizo ke saƙar. Ba zan iya zuwa in ce wa wannan baiwar Allah ta daina abin da take ci da marayu da shi ba. Ba kuma zan iya kawar da kai ba.

Rini dai ba baƙonmu ba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannen tufafin Kano yake kai wa har bakin tekun Bahar Rum da Tumbuktu. Amma wancan rinin na baba ne da toka, a rami ake haɗa shi, a bar shi kwanaki ya nuna, kuma rami ɗaya yakan daɗe ana aiki da shi. In ya mutu ma ba a tuntsurar da shi a titi. Ana kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a busar, a ƙona, a sake amfani da shi, har a laso da ake shafe ramin da soraye yana shiga. Galurar da ake sayowa a kasuwa a ƙulle a leda kuwa 'yar masana'anta ce. Asalinta 1856 ne, lokacin da wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yake ƙoƙarin haɗa kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar kwal, sai ya ƙare da wani launi shunayya da ke kama siliki. Zuwa 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da ba a shuka shi a gona ba. Yau launukan nan dubbai ne, kuma an ƙera su ne musamman don kada su koɗe: su jure rana, su jure sabulu, su jure gumi. Halin da ya sa muke yabon shaddar da ba ta zuba, shi ne ya sa launin da ya tsere cikin ruwa ba ya mutuwa da sauƙi. Kuma ba kaɗan ne ke tserewa ba. A wasu nau'o'in rinin auduga, abin da bai kama zane ba yakan kusa kai rabin abin da aka zuba.

Ba na son in tsorata ki fiye da kima, don ba kowane launi ne guba ba. Amma akwai abin da aka tabbatar. Tun 1895 wani likita a Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da yawan ciwon dajin mafitsara a tsakanin ma'aikatan masana'antar launi. Daga baya aka gano sinadaran da ke jawo shi, irin su benzidin, aka kuma gano cewa wasu launukan da ake kira azo suna iya wargajewa su saki irin waɗannan sinadarai. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsu a tufafi da fata masu taɓa jiki a 2002. Waɗancan ma'aikata shekaru suka yi suna cuɗanya da abin kullum, ba tsallake kwata sau ɗaya suka yi ba. To amma ledar galurar da ake sayarwa a kasuwa ba ta zuwa da takardar da za ta gaya wa Yaya wane iri ne a ciki, kuma rijiya kullum ake shan ta.

A kogi kuwa launi yana tare hasken rana daga tsirran ruwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Mutanen Kano sun san kalar ruwan da ke fitowa daga wajen masana'antun Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara, da wanda ke gangarowa daga Sharaɗa da Challawa, kuma sun san lambunan latas da alayyahu da ke bakin waɗannan ruwaye. A Bamako, inda ake rina galilar da muke rububi, da yawan ruwan rinin kogin Neja yake komawa. A Indiya abin ya kai ga kotu: a 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin rufe marinai wajen 700 a garin Tiruppur, saboda yadda suka kashe kogin Noyyal, har sai sun daina sakin ruwan.

To ina garin famfas ya shigo?

Ki ɗauki haidirojel a matsayin raga, irin ta masunta, amma zarenta ya yi sirantakar da ido ba zai gani ba. Dogayen zaruruwa ne aka ɗaure su da juna nan da can. Zaren yana son ruwa, don haka ruwa yana shiga raga ta buɗe ta kumbura, amma ƙullin da aka yi ya hana ta narkewa kamar yadda sukari zai narke. Likitocin ido sun daɗe da saninsa. Wasu masana biyu a Cekoslobakiya, Wichterle da Lim, su suka bayyana irinsa a 1960, daga nan aka samu gilashin ido mai taushi da ake liƙawa a ƙwayar ido. Mai shan ruwa da yawa kuma, wanda ya zama kakan na famfas, a wani ɗakin binciken ma'aikatar gona ta Amurka aka haɗa shi da sitacin masara a farkon shekarun 1970.

Shan ruwa kaɗai ba zai tsabtace komai ba. Soso ma yana shan ruwan rini, in kika matse ya dawo miki da shi yadda yake. Abin da ya bambanta wannan ragar shi ne a jikin zarenta akwai wasu 'yan gurabe masu caji. Kin san batir yana da kai biyu, fozitif da negatif, kuma kishiyoyin nan biyu suna jan juna. Zaren garin famfas negatif ne. Wasu launukan kuma, in sun narke a ruwa, fozitif suke zama. Idan suka shiga cikin raga sai su maƙale a jikin zaren, kamar yadda ƙarangiya ke maƙalewa a bakin zane. Ruwa ya wuce, launi ya tsaya. Da yake raga ta kumbura, ba bayanta kaɗai ke kamu ba, har can cikinta launin yake kutsawa, shi ya sa ɗan kaɗan yake ɗaukar launi mai yawa.

Wannan za ki iya gani da idonki, kuma yara suna son sa. Ki samo GV, wato ji-bi, maganin nan shunayya da ake ɗiga wa ƙurji. Shi ma launin masana'anta ne, kuma fozitif ne. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a ruwa cikin kwalbar da ba za ki sake amfani da ita ba. Ki farke sabon famfas, ki kakkaɓe garin a takarda, ki zuba ɗan mitsitsi, kamar kan tsinken ashana, don in ya yi yawa zai shanye ruwan gaba ɗaya. Ki girgiza ki ajiye. Bayan wani lokaci za ki ga 'yan ƙwayoyin sun kumbura sun rine sun yi duhu, ruwan da ke kewaye da su kuma ya washe. Da na yi wa nawa, ƙaramar cewa ta yi aljanu ne suka shanye. Ki dai tsaya a kansu, kada wani ya kai baki, ki kuma zubar a shara bayan an gama.

Masu bincike ba da famfas suke aikin ba, nasu suke haɗawa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne kayan haɗin. Akwai aljinet da ake samu daga ciyawar teku: in aka narka shi aka riƙa ɗiga shi cikin ruwan da ke da sinadarin kalsiyam, kowane ɗigo sai ya daskare ya zama ƙwallo kamar ƙwan kifi. Irin waɗannan ake durawa a bututu a bi da ruwan rini ta ciki. Akwai kaitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, shi kuma a ruwa mai ɗan tsami fozitif yake zama, don haka yana kama launuka masu negatif, waɗanda garin famfas ba zai kula su ba. An gwada sitacin rogo. An gwada ƙaro, shi dai ƙaron da ake zubawa a tawadar allo, wanda Sudan da Cadi da Nijeriya suke gaba wajen samar da shi, ga shi nan a Jigawa da Yobe da Borno. Wasu suna cusa yumɓu ko gawayi na musamman a cikin ragar don ta ƙara kamu. Wasu suna zuba garin ƙarfe mai bin maganaɗisu, ta yadda in ƙwayoyin sun gama aiki sai a jawo su daga ruwan a lokaci guda, ba sai an tace ba. In raga ta ƙoshi ana iya wanke ta da ruwa mai tsami ko sifirit, launin ya fita, a sake mayar da ita aiki sau da yawa.

Da na kai nan a karatuna, har na fara lissafin yadda za a ɗinka wa Yaya ɗan buhu a rataya a bakin rariya. Sai dai ruwan bahonta ba ruwan kwalbata ba ne.

Ki koma kan wannan garin da ya kumbura, ki barbaɗa masa gishiri. A gabanki zai saki ruwan ya tsuke. Gishiri yana toshe cajin da ke jikin zaren, raga ta rufe. Dalilin da ya sa ke nan famfas da zai sha ruwan famfo ninki ɗaruruwa, fitsari ninki talatin ko makamancin haka kawai yake iya ɗauka. Ruwan rini kuwa cike yake da gishiri iri-iri. Yawancin gwaje-gwajen da ake bugawa da launi guda ɗaya ake yin su, galibi wani shuɗi mai suna metilin, a cikin tataccen ruwa, a kofin gilashi. A can sakamakon yana da kyau ƙwarai. A baho kuwa launi uku ne ko huɗu a cakuɗe, ga zafi, ga sitaci, ga sabulu. Kuma irin galurar da masu shadda suka fi amfani da ita da soda da haidiro ake narka ta. A cikin wannan haɗin launin negatif yake zama, ke nan garin famfas ture shi zai yi. Kaitosan da ya kamata ya kama shi tsami yake so, ita kuwa soda kishiyar tsami ce. Sai an fara kashe kaifin sodar kafin a zo maganar raga.

Sannan launin da aka kama bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ya bar ruwa ya koma cikin jel, kuma jel ɗin irin na famfas ba ya ruɓewa da wuri. In aka watsar da shi a bola, damina ta zo, an koma gidan jiya. In aka wanke shi don a sake amfani da shi, ruwan wankin ya zama rini mai kauri wanda shi ma sai an san inda za a kai shi. Amfanin dai shi ne an mayar da matsalar ganga goma ta koma ta kwano ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, matuƙar akwai wanda zai karɓi kwanon. Shi ya sa har yanzu manyan masana'antun da ke tace ruwansu sun fi dogara da tsofaffin hanyoyi: sinadaran da ke kwantar da datti, tankunan ƙwayoyin halitta masu cinye ƙazanta, gawayi na musamman, da matatai masu matuƙar ƙanƙantar ido. Haidirojel yana nan tafe, amma ƙafarsa ɗaya tana ɗakin bincike.

Don Allah kada wata ta karanta wannan ta je ta farke famfas ta zuba a randa. Ba don ciki aka yi shi ba, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma ruwan da ya washe ba lallai ne ya zama na sha ba. Haka tafasawa: tana kashe ƙwayoyin cuta, amma launi yana nan, ƙara kauri ma yake yi in ruwa ya ƙone. Alif yana kwantar da laka, yana iya jan wani ɓangare na launin ƙasa, haka ma 'ya'yan zogale da aka daka, amma ba sa kwashe duka. Bilic yana iya kashe kala ido ya daina gani, alhali gutsattsarin sinadarin suna ciki. In ruwan rijiyarki ya sauya kala ko wari, ki daina sha da girki da shi, ki bar shi ga wanki, har sai an auna shi.

A ganina ma, a gidan da ake rini, launin ba shi ne abin tsoro na farko ba. Soda ce. In an narka ta fara tas take kamar ruwan sha, kuma sau da yawa a robar lemo ake ajiye ta. Yaron da ya kurɓa tana ƙona masa maƙogwaro, wani har ya warke da tabon da zai hana shi haɗiye tuwo. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara da sunan magani, a ruga asibiti da robar a hannu. In ido ta shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon mintuna da yawa kafin a kama hanya. Wannan babu wani jel da zai yi miki maganinsa, sai murfi da wuri mai tsawo.

Da wannan maganar ta soda na shiga wajen Yaya, ba da ta kwata ba, don na san wadda za ta fi saurin shiga kunnenta: jikokinta biyu suna rarrafe a tsakar gidan. Ta saurare ni tana juya shadda da sanda, hannunta shuɗi har gwiwar hannu duk da safar roba. Da na gangaro kan rijiya sai ta ce, "To ƙanwata, in ban zubar a kwata ba, a kaina zan ɗauka?" Gaskiyarta. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idoji kan ruwan da masaƙu da majemu ke fitarwa, amma da masana'antu aka rubuta su a zuciya. Matar da ke rini a baho uku a bayan ɗaki ba ta da injiniya, ba ta da tanki.

Abin da muka iya yi kaɗan ne. Na ba ta tsohuwar gangar roba mai murfi, ta sayi ɗaya. Ruwan farko, mai kaurin, yanzu a ganga ake juye shi. A motsa shi sosai iska ta shige shi, a rufe a bar shi kwana biyu. Irin wannan galurar in ta sha iska komawa take gari marar narkewa, kamar yadda take yi a jikin zane in an shanya, don haka da yawanta tana kwantawa a ƙasa. Ruwan saman har yanzu yana da kaifin soda, ba mu ce ya tsarkaka ba. Da dare ake sakin sa, bayan yara sun shiga, a bi shi da ruwan ɗauraya mai yawa. Lakar ƙasan a bar ta ta bushe a ƙulle a leda. Ta so ta haƙa rami a tsakar gida ruwan ya riƙa nutsewa, na roƙe ta ta bari, don wannan hanya ce miƙaƙƙiya zuwa rijiyoyinmu duka. Ko masai ma shawarar da ake bayarwa ita ce ya yi nisan mita 30 da rijiya, balle wannan. Maigidana ya sa an shafe bakin rijiyarmu da siminti an ɗaga shi, samarin layi kuma suna yashe kwatar duk Asabar ta ƙarshen wata don kada ruwa ya kwanta. Ruwan sha dai tun daga lokacin na famfo muke tara wa, in babu mu saya.

Kalar kwatar ta ragu, ba ta ɗauke ba. Ganga biyu ba sa isa a makon sallah, kuma mu a layinmu mai rini ɗaya ce, akwai unguwannin da kowane gida na uku baho ne a kan wuta.

A irin wannan gangar nake ganin haidirojel zai yi rana in ya iso. Ruwan yana wuri ɗaya, bai gauraya da na kogi ba, an riga an rage masa laka, saura a kashe soda a bi da shi ta cikin buhun ƙwayoyi. Ƙaro namu ne, rogo namu ne, kuma a jami'o'inmu akwai ɗaliban kimiyyar sinadarai da ke gwada irin waɗannan abubuwa don kammala digiri, yawancinsu da shuɗin metilin a kofin gilashi. In 'yarki ko ƙanwarki tana cikinsu, ki ce mata akwai ruwan baho na gaske, mai soda da haidiro da launi huɗu a cakuɗe, wanda ake zubarwa kyauta kowace safiya. Ta zo da jarka.